Rufin Gidan Hayar Alhaji Labaran

Sabuwa, 9 ga Fabrairu, 1975

Zuwa ga taubashina Alhaji Labaran,

Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta Hajiya Safara'u da yara. Mu nan lafiya lau, sai mai ɗakina Zulaihatu da ta sha fama da haƙori, shi ma ya lafa. Na san za ka ce yau wace rana, tunda rabonmu da juna tun rasuwar kakata Kyauta, ƙanwar kakanka, wadda ta haɗa mu wasa. Laifin hanya ne. Aikin malamin daji ba ya barin mutum ya leƙa ko Funtuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne an biya mu kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata. Abokan aikina duk sun haukace, wani babur, wani rediyo mai kaset, wani agogon da ya fi hannunshi nauyi. Ni kuwa nawa suna nan ban taɓa ba. Na tuna duk danginmu kai kaɗai ka taɓa gina ɗaki don wani ya shiga ya biya. Nan Sabuwa ba mai yin haka, baƙo in ya zo sai a sauke shi zauren wani, ga ma'aikata kullum ƙaruwa suke. Ka koya mani yadda ake yi. Rowarka sananniya ce har Katsina, amma shawara ba za ta rage maka komai a aljihu ba.

Naka,
Mati

Ƙanƙara, 2 ga Maris, 1975

Zuwa ga Mati mai gadin itatuwa,

Na ga takardarka, na ji daɗin lafiyarku. Mu ma alhamdu lillahi, sai gwiwa da ke tuna mani shekaru. Hajiya na gaida Zulaihatu.

Ashe da hankali a kanka. To buɗe kunne, don ɗakuna biyar ɗin nan nawa na bakin tasha ba daga sama suka faɗo ba, kuma tun da na bar fataucin hatsi su ke ciyar da gidana.

Kada ka yi gini a filin gado da ba a raba ba, ko da kowa ya rantse maka ya yafe. Ranar da ɗan haya ya fara biya, ranar za ka ga magada. Sayi fili kusa da kasuwa ko makaranta, a gaban mai unguwa, da shaidu waɗanda ba su tsufa sosai ba. Ka buga tubali tun yanzu da rani. Ɗaki biyu za ka fara, su biyun su haifa maka na uku. Kowane ɗaki ƙofarshi ta kalli waje, don ba gidan iyali kake ginawa ba da zai zama zaure ɗaya, kuma kada ka kuskura ka haɗa tuzuru da mai iyali masai guda, kullum za ka wuni sulhu. Indararo kada ya zuba gidan maƙwabci. Yaɓe duk shekara, ko bango ya yi maka kyau a ido.

Ɗan'uwa kuma kada ka ba shi haya. Ni nan Barau, ɗan ƙanen babana, ya shiga ɗakina na ƙarshe da sunan kafin ya samu wuri. Yau shekara huɗu, ko kwabo ban gani ba, in na yi magana sai ya tambaye ni lafiyar yara.

Wadda ta fi duka, in wata rana za ka canza rufi, kada ka kware tsohon sai sabon na jibge ƙofar gida ka taɓa shi da hannunka. Bangon ƙasa ba rufi ruwa biyu ya ishe shi.

Zancen kwano ka bar shi, na 'yan burga ne. Azara mai kyau da ƙasa mai kyau sun isa, ga sanyi da bazara. Na sa an ɗora maka buhun farar ƙasarmu a motar da ta kawo takardar, ka shafe bango, don na san ta Sabuwa sai ja kamar tukunya.

Yayanka,
Alhaji Labaran

Sabuwa, 20 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga malamina Alhaji Labaran,

Ina gaisuwa, ina neman gafarar dogon shiru. Muna lafiya, Zulaihatu ta sauka, an samu ɗiya mace, mun sa mata Baraka.

Alhaji, Allah Ya saka maka. Duk abin da ka ce na bi, sai abu guda. Magini ya ce ruwan Sabuwa ba irin naku ba ne, nan marka in ta kafa sai a yi mako ba a ga rana ba, soro yoyo zai yi ta yi. Shi ya sa na rufe ido na sa kwano. Ban gama shafa farar ƙasarka ba sai ga malaman sabbin makarantun nan na ilmi kyauta an zubo su garin kamar fara, ba wurin kwana. Har rigima aka yi kan ɗakunan, wani ya biya na shekara tun ƙofa ba ta shiga ba. Biyun sun haifi na uku kamar yadda ka ce, yanzu shida ne.

Na kuma samu fili a Faskari kusa da kasuwa, Gwaggo Rakiya ta tsaya mani aka yi shaidu. Shaguna nake so in yi. Ka ga almajirinka ya kusa kama ka, ka ƙara sauri tsoho.

Kuma ga abin dariya. Malam Abdulƙarim da aka maido nan daga Ƙanƙara, ashe ɗakinka ya zauna. Yanzu yana nawa. Ya ce a gaishe ka, wai bana ne daminar farko da ya kwana bai tara kwarya a gefen gado ba.

Naka,
Mati

Ƙanƙara, 15 ga Janairu, 1977

Mati,

Barka da samun ƙaruwa, Allah Ya raya Baraka. Muna lafiya.

Ɗaki shida, madalla. Ai tun kafin takardarka na ji. Na je suna Faskari, tun daga zaure har wurin cin tuwo ba a yi wani zance ba sai naka. Mati mai gidan kwano, Mati mai shaguna, Mati ɗan albarka. Gwaggo Rakiya, wadda shekara goma duk sallah ni ke aika mata turmin atamfa, ta kama hannuna a gaban mutane tana ce mani in je Sabuwa in ga yadda ake gini. Ni! Ba wanda ya buɗe baki ya ce wa ya koya maka. Na ci tuwon nan kamar ina haɗiyar tsakuwa.

Shi kuma Abdulƙarim ka gaya mashi na ji gaisuwar. Ɗigon da yake faɗa wuri guda ne, kuma shi ya kafa ƙusa a azara don rataye kekenshi. Amma ya bar mani ciwo, don sauran 'yan hayar sun ji labari, yanzu kowa ya gan ni sai ya ɗaga kai ya dubi rufi.

To ka ji. Ba Sabuwa kaɗai ake sayar da kwano ba. Ɗakunana duka zan rufe da shi, in ƙara ma bango tsawo, in yi daɓen siminti, in sa taga mai gilashi wadda na san kai ba ka da ita. Na riga na ba wani ɗan kasuwa a Funtuwa kuɗin kwanon, ya ce kaya na hanya daga Ikko. Kafin azumi duk wanda ya sauka tashar Ƙanƙara sai ya kare idonshi da hannu.

Alhaji Labaran

Sabuwa, 6 ga Maris, 1977

Zuwa ga Alhaji Labaran,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu nan ƙalau.

Na yi dariyar takardarka har Zulaihatu ta leƙo. Wato tuwon Gwaggo ma ni na ɓata maka. Ai ni duk inda na zauna ina faɗa kai ne malamina, su ne ba su riƙe ba.

Kwano shawara ce mai kyau, amma ka yi a hankali da zancen kaya na hanya. Direbobi na cewa jiragen ruwa sun yi cunkoso a Ikko, wani sai ya yi watanni bai sauke ba. Kada ka taɓa rufi sai ka ga kaya, kai ka koya mani.

Ni nawa na shagunan Faskari na saye shi tun kaka, yana jingine a zauren Gwaggo Rakiya, kafinta Gide ke jira in ce a fara. In naka ya yi jinkiri ka aiko a ɗauka, ka maido mani in ya iso. Ka ga shi ke nan sai a ce sarkin gidan haya na Ƙanƙara a inuwar mai gadin itatuwa yake kwana.

Naka,
Mati

Ƙanƙara, 17 ga Afrilu, 1977

Mati ɗan burga,

Lafiya lau muke, gwiwa ma ta ji tsoron aiki ta gudu.

Aiki ya yi nisa. Na sallami 'yan haya na ce su dawo bayan wata biyu su ga aljanna. An kware ɗaki huɗu, an sauke azara, na sayar da ita na sayi katako, magina sun ƙara tsawon bango. Na biyar ne ya gagara, Barau ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya ce sai dai a kware da shi a ciki. Mutanen Faskari da suka zo cin kasuwa sun tsaya sun gani, na tabbata labari ya kai inda nake so ya kai.

Mutumin Funtuwa ya ce sati mai zuwa. Satin da ya wuce ma haka ya ce, amma mutumin kirki ne.

Wancan tarkacen gwangwanin naka da ka cika ma Gwaggo zaure da shi har ba ta da wurin shan iska, ai sai ka sa Gide ya ɗoro shi a mota ya kawo nan. Awakina sun daɗe suna kukan rana, sai in yi masu rumfa da shi, don ban ga ya wuce haka ba. Ka hanzarta, ka san akuya ba ta son ruwa, jiya kuma na ga gabas ta ɗan yi duhu.

Yayanka,
Alhaji Labaran

Sabuwa, 8 ga Mayu, 1977

Alhaji mai awaki,

Takardarka ta yi sati biyu a aljihun direba kafin ta zo. Muna lafiya, Baraka ta fara rarrafe.

Na karanta ma abokan aiki zancen rumfar awaki, har wani ya ƙware da shayi. Ka gaya ma awakin su yi haƙuri, kwanona ya fi ƙarfinsu, su ci gaba da shiga ƙarƙashin babbar rigarka, ai da fili. Tunda har kana da bakin zagin kayana, na san naka ya iso ko yana bakin gari. Na aika ma Gide ya hau, jiya aka ce ya buga ƙusar ƙarshe. Shaguna uku, tela ya kama ɗaya tun ba a share ba.

In an gama a aiko mani, in zo in kare idona da hannu. Nan an yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu sosai.

Naka,
Mati

Ƙanƙara, 21 ga Agusta, 1977

Mati,

Muna raye. Ban da wannan ba ni da wata lafiya da zan ba ka labari.

Ɗakuna huɗu sun tafi. Ruwan farko ya sauka bangon na tsaye tsirara, na bi na lulluɓe kawunansu da zana da tsofaffin buhuna, ni da Hajiya da tsakar rana mutane na kallo. Na biyu ya zo da iska ya kwashe zanar. Da marka ta kafa sai sabon tsawon da na ƙara ya fara sulalowa, ya ja tsohon bango. Ina tsaye na gabas ya kwanta a kan katakon da na sayar da azarata na saya. Yanzu in ka sauka tasha tudun laka za ka gani, kwaɗi na kuka a inda Abdulƙarim ke ajiye gadonshi. Mutumin Funtuwa har yau sati mai zuwa. 'Yan hayana sun kama wani wuri. Hajiya ta koma tuyar ƙosai, abin da ta bari tun kafin mu je Makka.

Ka san wane ɗaki ya tsira? Na Barau. Yana nan garau ko ɗigo babu, yana zaune a bakin ƙofa yana mani jaje. Ɗaki guda ya rage mani a duniya, shi ne wanda ba ya kawo ko kwabo.

Na roƙe ka, Mati. Na roƙe ka kwano ka maido mani da zancen babbar riga, har ka tara mutane kuka yi dariya. Wane awaki gare ni? Yaushe rabon da ka ga akuya a gidana? Na ce maka gabas ta yi duhu, me kake so in ce? In rubuto maka cewa ni Labaran, da na koya maka buga tubali, ina durƙuso? Kai da ke da ɗaki shida da shaguna uku, kwanon da ka rufa ma tela da shi ne da ya tsare mani abincin gidana.

Duk lokacin da aka ambaci sunanka sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Ba na ɓoyewa. Ka ci gaba da gini.

Labaran

Sabuwa, 25 ga Satumba, 1977

Zuwa ga Yaya Alhaji Labaran,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekaranjiya takardarka ta zo hannuna, don ruwa ya cinye hanyarmu, mota ba ta shigo ba sai makon nan. Tun da na karanta ban ci abincin kirki ba. Ka yi ma Hajiya sannu.

Wallahi tallahi ban gane ba. Na ɗauko waccan takardar na sake karantawa, yanzu kam ga roƙon nan a fili, har na rasa yadda ya wuce ni. Amma Yaya, ka duba. Tun ina yaro kake ce mani ɗan burga ina ce maka marowaci, ba mu taɓa gaya ma juna magana a miƙe ba. Da wani ne ya rubuto mani zancen awaki da na tsaya na yi tunani. Daga bakin taubashi kuwa ai wasa ne, haka muka tashi. Ni ma da laifina, don tayin da na yi maka da gaske na yi shi, sai na ɓata shi da zancen inuwa. Da na bar shi yadda yake wataƙila da ka karɓa tun ran nan.

Zancen ƙirjinka kuma, ga abu guda da na sani. Ɗakunan nan shida kowane da maganarka aka aza shi.

Fili na nan, ƙasar ma na nan, da ita za a sake buga tubali. Malamai na biya a ƙarshen wata, kuma akwai inda zan samu kwano a hannu, ba na hanya ba. Na so in aiko kawai, Zulaihatu ta ce in ka ga mota ba ka nema ba za ka ce na zo nuna maka arziki ne, ka maido ta, kuma na san gaskiyarta. Saboda haka ka faɗa mani abin da kake so da yawanshi, a miƙe, sau ɗaya tak. Bayan nan mu koma zage-zagenmu har mu mutu.

Ƙanenka,
Mati

Ƙanƙara, 30 ga Oktoba, 1977

Mati,

Na samu takardarka. Muna lafiya, ruwa ya ɗauke, gero ya yi kyau ga masu gona. Hajiya ta amsa, tana gaida Zulaihatu, ni kuma ka ce mata ta cika sanin halin mutane.

Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Ta farko na ce maka kaji ne ke son rumfa.

Kada ka ɗauka na huce. Ranar kasuwa wani Bafaskare ya tsaya gaban tudun nan yana ba ni labarin shagunanka, wai har an yi masu fenti shuɗi. Na ji zafin nan dai a wurin da yake. Na yi istigfari, ya ragu, bai tafi ba. Wataƙila sai na ga hayaƙi na fita daga ɗakin ɗan haya tukuna.

Na fara buga tubali da ƙasar bangon da ya faɗi. Barau ne ke kwaɓa mani, ban ce ya zo ba, na dai tarar da shi a ciki har gwiwa. Katakon da yawa bai lalace ba. Ɗaki biyu zan fara, wani mai hankali ya taɓa ba wani yaro wannan shawarar.

To ga ta a miƙe, kuma ba wasa nake ba. Ina roƙonka ka ara mani kwano bandir uku da ƙusarshi, da Gide na kwana biyu. Aro ne, in ɗakunan sun fara kawowa zan maido. Ba zan aza tubali ko ɗaya ba sai ya iso na taɓa shi da hannuna.

Da na so in ce a shigo da shi ta bayan gari. Na fasa, mutanen da suka gan ni ina lulluɓe bango da buhu ba abin da ya rage in ɓoye masu. A sauke shi a tasha ranar kasuwa. In an tambayi Gide na wane ne, ya ce na Mati ne.

Yayanka,
Labaran